Darasin Kasuwar Shanu Ga Masu Koyon Aikin Kwamfuta

A garuruwan Kudu kamar su Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha, yanzu akwai samari da 'yan mata 'ya'yan mutanen Arewa mazauna can waɗanda suka duƙufa wajen koyon tsara manhajar kwamfuta, watau rubuta umarnin da na'urar za ta bi ta yi wa mutane aiki. Waɗansu suna koyo a jami'o'i da kwalejojin fasaha, waɗansu a ƙananan makarantun koyon sana'a, waɗansu kuwa a gida suke fama da abin su kaɗai. Iyaye sukan gan su sun ƙura wa allon na'ura ido har tsakar dare, ba su san da me ake kokawa ba.

To, a cikin darussan da masu koyon nan ke yi akwai wani guda wanda kusan kowa yakan yi tuntuɓe a kansa. Shi ne yadda za a koya wa kwamfuta ta riƙe dangantakar da ke tsakanin taron abubuwa da wani taron, kamar fatake masu yawa da ke ciniki da mahauta masu yawa, ko ɗalibai masu yawa da ke ɗaukar darussa masu yawa. Wanda ya kuskure wannan darasi zai iya tsara manhajar da za ta ɓatar da bashin mutane, ko ta faɗi magana biyu a kan ciniki ɗaya. Abin sha'awa kuwa shi ne, maganin matsalar tsofaffin 'yan kasuwa sun san shi tun kafin kwamfuta ta iso ƙasar nan.

ASALIN WANNAN HANYA

Hanyar tsara manhaja da ake magana a kanta ma'anar sunanta shi ne tsari bisa abubuwa. A birnin Oslo na ƙasar Norwe ta samo asali, inda waɗansu masana biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka yi aiki tare a wata cibiyar lissafi tun daga farkon shekarun 1960. Aikinsu shi ne su sa kwamfuta ta kwaikwayi al'amuran duniya, kamar yadda jerin gwano ke taruwa ya watse, domin a gane inda ake samun cikas. Sai suka ga abin zai fi sauƙi idan kowane abu na zahiri yana da wakilinsa a cikin na'ura, mai riƙe da bayanin kansa, mai kuma sanin aikinsa. A 1967 suka fitar da harshen kwamfuta mai suna Simula 67 wanda ya ƙunshi wannan dabara. An ba su lambar girma ta Turing ta shekarar 2001, kuma su biyun duka sun rasu a 2002.

Daga nan sai dabarar ta bazu. A shekarun 1970 Alan Kay da abokan aikinsa suka ƙago harshen Smalltalk a wata cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Kalifoniya ta Amurka. A 1979 Bjarne Stroustrup, mutumin Danmak, ya soma aikin da ya zama harshen C++. A 1991 Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar da Python, sa'an nan a 1995 aka fitar da Java a Amurka da kuma Ruby a Japan. Duk waɗannan harsuna sun gaji dabarar mutanen Oslo, kuma da su ne yawancin masu koyo ke yin wannan darasi.

RUKUNI DA ƊAN RUKUNI

Kafin a shiga gundarin maganar sai an fahimci kalmomi biyu. Ta farko ita ce abin da masu aikin ke kira kilas, watau rukuni. Ta biyu ita ce objek, watau ɗan rukuni.

Duk wanda ya taɓa buɗe asusu a banki ya san fom ɗin da akan miƙo masa, mai gurbin suna da gurbin gari da gurbin lambar waya. Fom ɗin da ba a cika ba shi ne rukuni, domin ya faɗi irin bayanin da za a riƙe amma bai ambaci kowa ba. Idan mutum ya cika nasa, wannan takarda ta zama ɗan rukuni. Mutum dubu za su cika fom iri ɗaya, kowa da nasa bayani.

Bambancin kawai shi ne, a cikin kwamfuta fom ɗin yana da baki. Mai tsara manhaja yakan rubuta wa rukuni siffofi, watau bayanan da zai riƙe, sa'an nan ya rubuta masa ayyuka, watau tambayoyin da zai iya amsawa da abubuwan da zai iya yi. Alal misali, idan an yi rukuni mai suna Falke, siffofinsa za su zama suna da gari da lambar waya, aikinsa kuwa zai haɗa da amsa tambayar nawa yake bin mutane bashi.

DANGANTAKA IRI UKU

Rukuni ɗaya ba ya yin manhaja, sai an ƙulla shi da waɗansu. Masana sun kasa wannan ƙulli gida uku.

Na farko shi ne ɗaya da ɗaya, kamar mutum da lambarsa ta BVN wadda Babban Bankin Nijeriya ya shigo da ita a 2014. Mutum ɗaya lamba ɗaya, lamba ɗaya mutum ɗaya.

Na biyu shi ne ɗaya da masu yawa, kamar uwa da 'ya'yanta. Uwa tana iya samun 'ya'ya bakwai, amma kowane ɗa uwar da ta haife shi ɗaya ce. Haka kuma tun da aka umarci jama'a a ƙarshen 2020 su haɗa layukan wayarsu da lambar shaidar ɗan ƙasa, mutum ɗaya yana iya riƙe layi fiye da ɗaya, amma kowane layi da sunan mutum ɗaya yake. Wannan iri ba shi da wuya a cikin na'ura. A jikin ɗa ake rubuta wace ce uwarsa, shi ke nan. Idan ana son sanin 'ya'yan wata mace sai a duba dukan 'ya'ya a tsamo masu ɗauke da sunanta.

Na uku shi ne masu yawa da masu yawa, kuma a nan gizo ke saƙa. Falke ɗaya yana sayar wa mahauta da yawa, mahauci ɗaya kuma yana saye daga fatake da yawa. Likita ɗaya yana duba majiyyata da yawa, majiyyaci ɗaya kuma yana ganin likitoci da yawa. A nan ba a iya rubuta suna guda a jikin kowa a huta. Idan a kara ɗaya akwai fatake 30 da mahauta 200, to akwai hanya 6,000 da wani falke zai iya haɗuwa da wani mahauci, ba a ma yi maganar waɗanda za su sake ciniki karo na biyu da na uku ba.

INDA MAI KOYO KE TUNTUƁE

Abin da ya fi saurin zuwa zuciyar sabon mai koyo shi ne ya ba kowane falke jerin sunayen mahautan da ya sayar wa, ya kuma ba kowane mahauci jerin sunayen fataken da ya saya daga wurinsu. Da farko abin yakan yi kamar ya yi daidai, har mai koyo ya yi murna. Amma da an soma amfani da shi sai ɓaraka ta fito.

Ɓaraka ta farko ita ce an rubuta magana ɗaya a wuri biyu. Duk ranar da aka yi ciniki dole a tuna a ƙara suna a jerin falke, a kuma ƙara a jerin mahauci. Ranar da aka manta ɗaya, falke zai ce ya sayar wa wane, mahauci kuwa ya ce bai san shi ba, kuma na'urar ba ta da hanyar sanin wanda ke da gaskiya, tun da duka biyun daga cikinta suka fito.

Ta biyu ita ce babu wurin ajiye bayanin cinikin kansa. Kuɗin da aka yi ciniki a kai ba siffar falke ba ne, domin kowane mahauci da kuɗin da ya sayar masa. Ba kuma siffar mahauci ba ne, domin kowane falke da yadda suka daidaita. Haka ranar ciniki, da yawan shanu, da abin da aka biya, da abin da ya rage. Mai koyo yakan yi ta cusa su nan da can, yana ƙara jeri a kan jeri, har ya rasa gane kan abin da ya rubuta da hannunsa.

Ta uku ita ce maimaici. Idan falke ya sayar wa mahauci ɗaya a farkon wata, ya sake sayar masa a tsakiyar wata, jerin sunaye ba zai bambanta ciniki na farko da na biyu ba. Ko dai sunan ya fito sau biyu ba a san dalili ba, ko kuma ciniki ɗaya ya ɓace.

LITTAFIN MALAM

Mutanen Sabo ta Badun, unguwar da aka kafa a 1916, sun daɗe da sanin wannan matsala a aikace. Wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinsu a 1962 da 1963, ya kuma buga littafi a kansu a 1969, inda ya bayyana yadda cinikin shanu da na goro ke tafiya. Falke yakan zo daga Arewa baƙo, bai san mahautan gari ba, bai san mai biya da mai cin bashi ba. Sai ya sauka wurin mai gida, dillalan mai gida su sayar masa da shanunsa, yawanci bashi, mai gida kuma ya tsaya lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya, a wuyan mai gida abin yake.

Mai gida mai irin wannan nauyi ba zai dogara ga abin da falke ya tuna ko abin da mahauci ya ce ba. Domin haka akan sami malami mai riƙe da littafi. Shi kuwa malam abin da yake rubutawa shi ne ciniki, layi ɗaya ciniki ɗaya: ranar kaza, falke wane ya sayar wa mahauci wane shanu kaza a kan kuɗi kaza, an ba da kaza, saura kaza. Idan falke ya zo tambayar abin da yake bi, malam ya bi layukan ya tsamo masu sunansa. Idan ana son sanin abin da ke kan wani mahauci, littafin nan dai za a buɗe a tsamo nasa.

Wannan shi ne daidai abin da malaman kwamfuta ke koyarwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan masu yawa suka ƙullu da masu yawa, to ƙullin da kansa abu ne, kuma ya cancanci rukuninsa. Sai a yi rukuni na uku, a sa masa suna Ciniki. Kowane ɗan rukunin Ciniki yana riƙe da falke ɗaya tak da mahauci ɗaya tak, tare da rana da yawan shanu da kuɗi da abin da aka biya. Falke ba ya riƙe jerin mahauta, mahauci ba ya riƙe jerin fatake.

Da an yi haka sai dangantaka mai wuya ta rabu ta zama masu sauƙi guda biyu. Falke ɗaya yana da ciniki da yawa, amma kowane ciniki falkensa ɗaya. Mahauci ɗaya yana da ciniki da yawa, amma kowane ciniki mahaucinsa ɗaya. Watau an koma irin ta uwa da 'ya'ya, wadda kowa ya iya.

GA MISALI DA LISSAFI

A ce akwai fatake uku, na Maiduguri da na Sakkwato da na Yola, da mahauta biyu, kuma a wata ɗaya an yi ciniki biyar kamar haka.

Ran 3 ga wata falken Maiduguri ya sayar wa mahauci na farko shanu 4 a kan N2,000,000, an biya N1,200,000, saura N800,000.

Ran 3 ga wata falken Maiduguri ya sayar wa mahauci na biyu shanu 2 a kan N900,000, an biya duka.

Ran 5 ga wata falken Sakkwato ya sayar wa mahauci na farko shanu 3 a kan N1,500,000, an biya N500,000, saura N1,000,000.

Ran 8 ga wata falken Yola ya sayar wa mahauci na biyu sa 1 a kan N600,000, ba a biya ko kwabo ba.

Ran 17 ga wata falken Maiduguri ya sake sayar wa mahauci na farko shanu 2 a kan N1,100,000, an biya N700,000, saura N400,000.

Yanzu sai mai koyo ya rubuta wa rukunin Falke aiki na farko: ka duba dukan cinikin da aka yi, ka tsamo waɗanda kai ne falkensu. Falken Maiduguri zai tsamo guda uku. Aiki na biyu a kan na farko zai hau: daga cikin cinikin nan naka, ka ciro mahaucin kowanne. A nan akwai ɗan tarko, domin ciniki uku ne amma mahauta biyu ne, tun da mahauci na farko ya fito sau biyu. Wanda bai sa na'ura ta cire maimaici ba za ta gaya masa cewa falken yana hulɗa da mahauta uku. Aiki na uku shi ne tara ragowar kuɗi, inda za a ga falken Maiduguri yana bin N1,200,000.

Haka za a rubuta wa rukunin Mahauci nasa ayyukan. Mahauci na farko ana binsa N2,200,000, na biyu kuwa N600,000. Idan aka tara abin da ke kan mahauta za a sami N2,800,000. Idan aka tara abin da fatake uku ke bi, watau N1,200,000 da N1,000,000 da N600,000, shi ma N2,800,000 ne. Ba yadda za a yi lissafin biyu su saɓa, domin daga wuri ɗaya aka ɗebo su. Ranar da mahauci ya kawo kuɗi, wuri ɗaya za a gyara, kuma nan take amsar falke da ta mahauci za su sake tare.

SUNA KAƊAI BA YA ISA

Akwai wani kuskure da ke biye da wannan. Mai koyo yakan rubuta sunan falke kurum a cikin ciniki, alhali kuwa a kara ɗaya ana iya samun mutum biyar masu suna iri ɗaya, kuma mutum ɗaya yau a rubuta shi da Alhaji, gobe a rubuta shi da sunan garinsu. Malamin littafi yana gane su domin ya san fuskokinsu, amma na'ura ba ta san fuska ba. Saboda haka abin da Ciniki zai riƙe shi ne ɗan rukunin da kansa, watau ya nuna wannan falke ɗin, ba haruffan sunansa ba. Ta haka ko an gyara sunan mutum ko ya sake lambar waya, duk cinikinsa na nan manne da shi.

Idan aka zo ajiye bayanan a rumbun da ba ya gogewa in an kashe na'ura, sai a ba kowane falke lamba, kowane mahauci lamba, sa'an nan a yi jadawali na uku wanda kowane layinsa ke ɗauke da lambobin biyu. Wannan tsari na jadawali ya samo tushe daga wata takarda da Edgar Codd, Baturen Ingila mai aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya buga a 1970, kuma a kansa aka gina yawancin rumbunan bayanai na bankuna da makarantu da asibitoci. A 1976 Peter Chen ya fito da hanyar zana abubuwa da dangantakarsu a takarda kafin a soma gini. Kayan aikin da suka zo daga baya, kamar Rails na 2004 da Django na 2005, suna iya ƙirƙira wa mai aiki jadawalin tsakiya cikin sauƙi. Amma wanda bai taɓa gina shi da hannunsa ba ba zai san abin da zai yi ba ranar da lissafi ya rikice.

TAMBAYOYIN DA KE RABA GWANI DA ƊAN KOYO

Bayan an gina rukunai uku, sauran aiki tambayoyi ne waɗanda na'ura ba ta iya amsa wa kowa, sai wanda ya san sana'ar.

Idan falke ya daina zuwa, ko ya rasu, me za a yi da cinikinsa? Akwai tsarin da idan an goge mutum sai duk abin da ke manne da shi ya bi shi. A kasuwa wannan ɓarna ce, domin magada za su zo neman haƙƙinsu. Mai hankali yakan sa alama kawai cewa wane ya daina hulɗa, ya bar layukan yadda suke.

Shin mutum biyu suna iya ƙulluwa sau biyu? A kara suna iyawa, ko sau ɗari ne. Amma a makaranta ɗalibi ba zai yi rajistar darasi ɗaya sau biyu a zango ɗaya ba, saboda haka rukunin Rajista dole ya ƙi karɓar maimaici. Siffar ƙullin ɗaya ce, dokarsa ce ta bambanta.

Ina dillali zai shiga? Shi ma a cikin Ciniki za a sa shi, tare da la'adarsa, domin dillali ɗaya yana yi wa fatake da yawa aiki, kuma falke ɗaya yana iya bi ta hannun dillalai daban daban.

To biyan bashi fa? A misalin da ya gabata an rubuta abin da aka biya a dunƙule. Amma mahauci yakan biya ciniki ɗaya kashi uku, wani lokaci kuma ya kawo kuɗi a dunƙule ya ce a raba a kan ciniki biyu. Ke nan tsakanin biya da ciniki ma akwai dangantakar masu yawa da masu yawa, kuma ita ma tana bukatar rukunin tsakiya mai faɗin nawa aka cire daga wannan biya aka sa a wancan ciniki. Mai koyon da ya hango wannan da kansa ya kama hanya.

Har ila yau akwai maganar sauri. Bin layi biyar ba wuya, amma idan layukan sun kai 500,000 kuma kowace tambaya sai an bi su duka, na'ura za ta yi nauyi. Domin haka rumbunan bayanai ke da fihirisa, kamar yadda malam yakan rubuta a bayan littafi cewa cinikin wane yana shafi kaza da kaza. Fihirisa ba ta ƙara sabon bayani, hanyar isa ga wanda ke akwai take gajartawa.

YADDA AKE GWAJI

Ba dole sai da kwamfuta ake soma wannan darasi ba. A 1989 waɗansu masana biyu na Amurka, Kent Beck da Ward Cunningham, suka bayyana wata hanyar koyarwa da ƙananan katuna. Kowane kati rukuni ɗaya ne, a rubuta sunansa a sama, ayyukansa a gefe ɗaya, rukunan da yake hulɗa da su a ɗaya gefen. Sai a baje katunan, wani ya yi tambaya, a bi da yatsa a ga ta wane kati amsar za ta bi. Kwalin sukari da aka yayyanka ya isa wannan aiki.

Mai koyo sai ya zaɓi harkar da ya sani ciki da waje, ya faɗe ta da baki cikin jimla biyu ko uku, ya ware sunayen abubuwan da suka fito. Sa'an nan ya ɗauki kowane biyu ya yi musu tambaya ta fuska biyu: wannan zai iya samun wancan fiye da ɗaya? Wancan fa, zai iya samun wannan fiye da ɗaya? Idan amsar duka biyun i ce, to akwai rukuni na uku a ɓoye, sai a nemo sunansa. Yawanci sunan yana bakin masu sana'ar. Tsakanin likita da majiyyaci ganawa ce, tsakanin direba da fasinja tafiya ce, tsakanin mai gida da ɗan haya yarjejeniya ce, tsakanin mai karatu da littafin laburare aro ne.

Adashe ma kyakkyawan abin gwaji ne. Mace ɗaya tana iya shiga adashe uku, kowane adashe kuma yana da mata da yawa. Abin da ke tsakani shi ne hannu, wanda ke riƙe da nawa take zubawa, da ranar kwasarta, da ko ta riga ta kwasa. Wata kuma tana da hannu biyu a adashe ɗaya, abin da zai gwada ko mai koyo ya fahimci maganar maimaici. Wanda ya gama wannan sai ya gwada ƙulla rukuni da kansa, kamar abota a Facebook, inda mutane ne a gefen nan mutane ne a gefen can.

Bayan katuna sai a hau na'ura. Harshen Python kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfuta ta isa. A rubuta rukunai biyu na gefe tukuna, sa'an nan na tsakiya, sa'an nan ayyukan ɗaya bayan ɗaya. A shigar da bayani kaɗan wanda an riga an san amsarsa da alƙalami, kamar ciniki biyar ɗin nan, a ga ko na'ura za ta faɗi abin da takarda ta faɗa. Daga nan a gwada ta da abin da ba ta zata ba: falken da bai sayar da komai ba, cinikin da aka biya fiye da kuɗinsa, mutum biyu masu suna ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin gyaran tsari bayan an zuba bayanin shekara biyu a ciki aiki ne mai tsada, kuma a nan ne dukiyar mutane ke salwanta.

Ga iyaye kuwa, musamman waɗanda suka yi shekaru a cinikin shanu ko goro ko albasa da tumatir, suna da abin da za su taimaka da shi ko da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. Yaro ya san harshen na'ura, amma bai san cewa akan fasa ciniki bayan an ba da kafin alƙalami ba, ko cewa mutum biyu sukan haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya, ko cewa mai gida yakan biya falke daga aljihunsa ya ci gaba da bin mahauci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sake yadda za a tsara rukunai. Idan yaro ya kawo katunansa ya baje a gaban mahaifinsa, mahaifin ya yi ta jefo masa irin rigingimun da ya gani a kasuwa, kowace rigima da katunan suka kasa warwarewa ta nuna wani gurbi da ya rage a cika kafin a danƙa wa manhajar amanar kuɗin jama'a.